Kwaɗo da ɗan makulli: yadda nake kulle abin da ke cikin kwamfutata da wayata

Akwai wani fayil a cikin kwamfutata da ya fi shekara goma ban iya buɗe shi ba. Muryar marigayi mahaifina ce a ciki. Wani dare na azumi, bayan an sauko daga tarawihi, muka zauna a zaure yana ba ni labarin fataucin goro da ya yi a ƙuruciyarsa, ni kuma na ajiye waya a gefen tabarma tana naɗa. Hirar ta kai kusan awa biyu. Da na kwashe ta zuwa kwamfuta sai na ga abu ne mai daraja, na kulle ta da manhajar 7-Zip, na sa mata kalmar sirri wadda a lokacin nake ganin ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta. Ban rubuta ta a ko'ina ba. Daga baya wayar ta faɗa ruwa, Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma ranar da na zauna don in sake jin muryarsa, kalmar ta kwanta mini.

Na gwada duk abin da na sani. Kwaɗon ko motsi bai yi ba, domin aikin da aka ƙera shi ya yi ke nan. Tun daga ranar na gane cewa a wannan harka kwaɗo ba ya ba mutum kunya. Inda ake sakaci shi ne ɗan makulli: ko a yi shi mai rauni ɓarawo ya yanko irinsa, ko a yi shi mai ƙarfi mai gida ya yar. Saboda haka daga ɗan makulli zan fara, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Abin da ya sa na yarda da kwaɗon

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauko biro da takarda. Rubuta KANO. Matsar da kowane harafi gaba da taki uku a jerin abacada na Turanci: K ya koma N, A ya koma D, N ya koma Q, O ya koma R. Ka samu NDQR. Da wannan dabarar Yuliyas Kaisar na Rum yake ɓoye wasiƙunsa na sirri, kuma a zamaninsa ta wadatar.

A ƙarni na 9, a Bagadaza, wani malami, Abu Yusuf al-Kindi, ya rubuta yadda ake warware irin wannan rubutu ba tare da an san makullinsa ba. Ya lura cewa kowane harshe yana da haruffan da ya fi yawan amfani da su, kamar alif da lam a Larabci. Mu a Hausa ba sai an ƙirga da nisa ba, harafin a ya yi wa saura fintinkau. To, idan ka kama doguwar wasiƙar Hausa da aka ɓoye, ka ga D ya cika ta, ka san D ɗin nan a ne, sauran kuma za su biyo baya ɗaya bayan ɗaya kamar ana warware saƙa. An gano rubutun al-Kindi a rumbun littattafan Usmaniyya da ke Santambul a 1987. Ranar da na fara karanta wannan labari raina ya yi fari, ganin cewa da harshen da muke wanke allo da shi aka fara rubuta ilimin fasa rubutun sirri.

A 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau: dole tsarin ɓoye saƙo ya tsaya da ƙafarsa ko da abokin gaba ya san duk yadda yake aiki, muddin bai riƙe makullin ba. A kan wannan ƙa'ida aka gina AES, kwaɗon da ke cikin kusan duk manhajojin da zan ambata. Hukumar ma'aunai ta Amurka ce ta buɗe gasa a bainar jama'a a 1997, wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ci, aka tabbatar da shi a 2001. Tun daga lokacin masana lissafi na duniya suke dukansa ta kowane ɓangare, har yau ba a samo hanyar fasa shi a aikace ba. Shi ya sa duk manhajar da ta ce tana da nata sabon salon ɓoyewa na sirri wanda ba ta nuna wa kowa, ni ba na ko sauke ta.

Ƙera ɗan makulli

Mafi yawanmu sunan ɗa muke sawa da shekarar haihuwarsa, ko lambar waya, ko sunan unguwa. Wanda ya ɗan waye sai ya ɗauko karin magana ko aya ko baitin waƙa, yana ganin tsawo ya isa. Masu fasa kalmar sirri ba harafi-harafi suke farawa ba. Na'urarsu tana fara bi ta kan miliyoyin kalmomin da aka taɓa sacewa daga shafukan intanet, sannan sunaye, sannan jimlolin da aka taɓa bugawa a littafi ko a intanet. Duk abin da ka zaɓa da kanka don yana da ma'ana a wurinka, akwai yiwuwar wani ya riga ka zaɓarsa. Mafita ita ce ka cire hannunka daga zaɓin, ka bar wa ƙuri'a.

A 1995 Arnold Reinhold ya fito da hanyar da ya kira Diceware. Ga yadda take. Akwai jerin kalmomi 7776, kowace da lambarta mai gida biyar, daga 11111 zuwa 66666. Ka ɗauko ƙwayar ludo, ka jefa sau biyar, ka rubuta abin da ya fito, misali 4, 1, 6, 2, 3. Ka duba 41623 a jerin, ka kwafe kalmar da ke gabanta. Ka maimaita har ka samu kalmomi shida. Ƙungiyar EFF ta Amurka ta fitar da nata jerin a 2016, mai kalmomin da suka fi sauƙin riƙewa, kuma kyauta ake saukewa.

Ka yi lissafin da kanka don zuciyarka ta natsu. Kalmomi shida daga cikin 7776 suna iya haɗuwa ta hanyoyin da yawansu ya kai lamba 2 da sifiri 23 a bayanta. A ce ɓarawo yana da na'urar da ke gwada tiriliyan ɗaya kowace daƙiƙa, kuma ya san jerin da ka yi amfani da shi, zai shafe kusan shekara 7000 kafin ya gama bin su duka.

Ni kalmomin Turanci ba sa zama a kaina kamar na Hausa, don haka na zauna na 'yan makonni na haɗa nawa jerin na kalmomi 1296, wato jifa huɗu ga kowace kalma. Tunda jerin ya fi ƙanƙanta, kalmomi takwas nake ɗauka. Ƙarfin abin yana ga yawan jifa: shida sau biyar jifa 30 ne, takwas sau huɗu jifa 32, ka ga nawa bai gaza ba. Abin da ke fitowa irin wannan ne: sirdi gwanda alkama tulu hazo jirgi lalle rumbu. Kada ka ɗauki wannan, ya riga ya fita duniya. Idan za ka haɗa naka jerin, ka guji kalmomi masu ɗ da ƙ da ɓ da 'y. Ina son haruffanmu, amma wata rana za ka tsinci kanka a gaban kwamfutar da ba ta da allon rubutun Hausa, ko wayar da ke rubuta ƙ ta wata siga dabam, ka san kalmarka amma ka kasa shigar da ita.

Abin da ƙuri'a ta ba ka shi za ka karɓa. Kada ka ce wannan kalmar ba ta yi maka daɗi ba ka sake jefawa, domin da zarar ka fara zaɓe ka koma gidan jiya. Wanda ba ya son taɓa ƙwayar ludo don tana kama masa da kayan caca, manhajar da zan yi bayani nan gaba tana iya jefa masa ƙuri'ar da kanta.

Haddar ba ta da wuya ga wanda ya yi makarantar allo. Ranar farko ka rubuta ta a kwamfuta sau goma. Sannan na mako guda, bayan kowace salla, ka biya ta a zuci sau ɗaya. Kafin Juma'a ta zagayo yatsunka ma sun haddace.

Sai takarda. Ka rubuta jimlar da biro, da manyan haruffa masu kyau, kwafi biyu. An daɗe ana ce mana kada a rubuta kalmar sirri, kuma wannan gargaɗin ne ya ci mini muryar Baba. Ka tambayi kanka wa kake tsoro. Ɗan damfarar da ke zaune a wata ƙasa ba shi da hannun da zai kai cikin akwatinka. Kwafi ɗaya nawa yana cikin ambulan tare da takardun gida. Ɗayan yana wurin yayata, a manne, da ɗan bayani a ciki na abin da take buɗewa da yadda ake buɗewa, saboda rai na Allah ne, kuma ba na so iyalina su tsaya a bakin ƙofar da na taɓa tsayawa. Abu ɗaya kawai: kada ka ɗauki hoton takardar da waya. Hoton zai iya hawa intanet da kansa ba ka sani ba.

Rumbun kalmomin sirri

Jimla ɗaya tak za ka haddace. Duk sauran kalmominka za su zauna a rumbu, ita kuma jimlar ta zama makullin rumbun. Ni KeePassXC nake amfani da ita. Tsatson KeePass ce, wadda Dominik Reichl na Jamus ya fara a 2003. Kyauta ce, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ba ta buƙatar data. Duk rumbun fayil ɗaya ne ɗan ƙarami mai ƙarshen suna kdbx, yana hannunka, babu kamfanin da ke riƙe maka shi.

Ka sauke ta daga shafinta na asali, keepassxc.org. Kada ka karɓi irin wannan manhaja daga filashin masu tura manhajoji a kasuwa, ko da mutumin kirki ne, domin shi ma bai san hannu nawa ta bi kafin ta iso shi ba. Bayan ka sauke, ka duba hatiminta. Kowane fayil yana da wani zanen yatsa na lissafi da ake kira SHA-256, haruffa da lambobi 64, wanda ko ɗigo ɗaya aka canja a fayil ɗin zai sauya gaba ɗaya. A Windows ka buɗe PowerShell, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta Get-FileHash sai sunan fayil ɗin. A Linux sha256sum ne. Ka gwada abin da ya fito da wanda masu manhajar suka wallafa. Idan sun saɓa, goge ka sake saukewa. A inda intanet ke yankewa ana tsakiyar sauke abu, wannan ɗabi'a tana rage ciwon kai ko da babu ɓarawo a zancen.

Ka buɗe ta ka zaɓi ƙirƙirar sabon rumbu. Za ta nuna maka wani ma'auni na tsawon lokacin buɗewa. Kada ka rage shi. Da gangan take jinkirin, ta hanyar wani lissafi mai suna Argon2 da ya ci gasar masana a 2015, wanda ke cin lokaci da ƙwaƙwalwar na'ura a kowane gwaji. Kai daƙiƙa ɗaya za ka jira, shi kuwa mai gwada biliyoyi daƙiƙa ɗayan nan ita ce katangar da ba zai haura ba. Sai ka shigar da jimlarka, ka adana.

Daga nan aikin haƙuri ne. Ka fara da imel, domin duk shafin da ka manta kalmarsa ta imel yake turo maka hanyar sake wata, wanda ya riƙe imel ɗinka ya riƙe komai. Ka buɗe sabon gurbi a rumbun, ka danna alamar ƙwayar ludo, ta ƙera maka kalma mai haruffa 20 ko fiye, ka je ka canja a shafin, ka adana. Ba sai ka san ta ba. In za ka shiga, kwafowa za ka yi ka liƙa, kuma bayan daƙiƙa 10 manhajar tana share abin da ka kwafo da kanta. Bayan imel sai Facebook, sai manhajar banki, sai saura. Ni biyu nake yi kowane dare har na gama. Idan kana son ganin dalilin da ya sa ba a maimaita kalma ɗaya a wurare biyu, ka shiga Have I Been Pwned, shafin da Troy Hunt na Ostireliya ya buɗe a 2013, ka rubuta adireshin imel ɗinka, zai nuna maka shafukan da aka taɓa fasawa aka kwashe bayananka a ciki.

A wayar Android, KeePassDX tana buɗe wannan fayil ɗin. Da igiya nake kwafa shi daga kwamfuta zuwa waya duk lokacin da na yi canji.

Ka ƙara wa imel da Facebook mataki na biyu na shiga. Inda aka ba ka zaɓi tsakanin saƙon tes da manhajar lambobi, ɗauki manhajar. Ina amfani da Aegis. Tana fitar da lamba shida da ke sauyawa kowace daƙiƙa 30, ko babu sabis, kuma wanda ya sace layinka bai samu komai ba. Lambobin ceto da shafin zai ba ka, su ma a rubuta su a sa a ambulan.

Akwatin takardu

Rumbu na kalmomi ne. Hotunan takardun fili, shaidar karatu, katin ɗan ƙasa, hotunan iyali da ba na kowa ba ne, waɗannan akwati suke buƙata. Ka tuna duk ranar da ka kai kwamfuta wurin gyara ka bar ta ta kwana, duk abin da ba a kulle ba a buɗe yake, ko da akwai kalmar shiga Windows, domin cire faifan ajiya a jona shi a wata na'ura aikin minti kaɗan ne.

VeraCrypt nake amfani da ita, wadda Mounir Idrassi ya fara a Faransa a 2013 daga tushen TrueCrypt, kafin masu TrueCrypt ɗin su sanar da daina aikinsu kwatsam a watan Mayun 2014. Ka danna Create Volume, ka zaɓi na farko, wato akwati a cikin fayil, ka zaɓi na yau da kullum. Ka ba shi suna da wurin zama. Ka bar AES yadda ka same shi. Wajen girma kada ka yi zari. Gigabait biyu zuwa huɗu sun ishi takardu, kuma ƙaramin akwati ya fi sauƙin kwafa. Kalmar sirrinsa KeePassXC ce za ta ƙera ta kuma ajiye. Idan za ka sa bidiyon da ya wuce gigabait 4, ka zaɓi exFAT a inda ta tambayi tsarin ajiyar fayiloli, domin tsarin FAT ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai haka.

Daga nan za ta ce ka yi ta jujjuya linzamin kwamfuta a cikin tagar har wani layi ya cika ya zama kore. Wannan matakin yana burge ni kullum. Kwamfuta ba ta iya yin abu da ka, komai nata a tsare yake, sai ta ari rawar hannun ɗan Adam don ta ƙara wa makullinta abin da ba a iya hasashe. Ka juya da kyau, sannan ka danna Format.

Wajen buɗewa, ka zaɓi harafi ɗaya daga jerin, ka nuna mata fayil ɗin, ka danna Mount, ka liƙa kalmar. Zai bayyana kamar ka jona filashi. Ka zuba takardunka, ka gama, ka rufe shi daga cikin manhajar. Kada ka bar shi a buɗe ka tafi masallaci. Kuma a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, ka saba rufewa da zarar ka gama, musamman a kwamfutar tebur ko wadda batirinta ya mutu, domin yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata abin da ke ciki.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: tsoffin kwafin da ka goge bayan ka zuba a akwati ba lallai ne sun tafi ba, ana iya tono su. Maganin wannan shi ne kulle faifan gaba ɗaya, da BitLocker a Windows, ko FileVault a Mac, ko LUKS a Linux lokacin da ake girka shi. Kowannensu yana da makullin ceto ko jimlar buɗewa. Ambulan ɗin nan dai.

Aika wa wani, da zancen waya

Idan zan tura wa ɗan'uwa takarda mai muhimmanci, 7-Zip ɗin nan da ta riƙe muryar Baba ita nake ɗauka, ban riƙe ta a zuci ba. Ka zaɓi siga 7z, ka sa kalma, ka yi alama a inda aka ce a ɓoye sunayen fayiloli, domin sigar zip tana barin sunayen a fili ko da cikin a kulle yake. Wanda ya saba da baƙin allon umarni, umarnin gpg -c na manhajar kulle fayil ta GnuPG sai sunan fayil ya gama masa. Fayil ya bi ta imel, kalmar kuma ta bi ta wata hanya, ko kira ko baki da baki. Ba a manna makulli a jikin kwaɗo a ba direba saƙo.

Wannan matsala ta yadda makulli zai isa hannun wanda ke nesa ita ta dami masana shekaru aru-aru, har Whitfield Diffie da Martin Hellman suka buɗe ƙofa a 1976, sannan Rivest da Shamir da Adleman suka biyo da tsarin da ake kira RSA a 1977. Ka ɗauka kana raba wa jama'a buɗaɗɗun kwaɗuna, kowa na iya ɗaukar ɗaya ya datse maka akwati, amma ɗan makullin ɗaya ne kuma bai taɓa barin aljihunka ba. A kan irin wannan tunani manhajar hira ta Signal take tafiya, kuma tsarinta ne WhatsApp ya kammala ɗauka a Afrilun 2016.

Don haka saƙonka na WhatsApp a kulle yake a hanya. Inda ake cin mutane shi ne baki biyun. Ka shiga saituna ka yi abu uku. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lamba shida taka ta kanka. Kunna kulle kwafin ajiyar hira, wanda aka kawo a 2021, domin in ba haka ba kwafin da ke hawa Google Drive ba ya cikin wancan kullen. Na uku kuwa ba saiti ba ne. Duk wanda ya kira ka, ko ya yi sallama da muryar malamai, ya ce daga ƙungiyarku yake, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida ka karanto masa, kashe wayar. Lambar nan ita ce makullin WhatsApp ɗinka, kuma da ya shiga 'yan'uwanka zai bi yana roƙon kuɗi da sunanka. An yi wa wata gwaggona haka, kwana uku muna bin dangi da kira muna ba da haƙuri.

Ka sa wa layinka lambar PIN ta SIM, tunda da layi kaɗai ana iya taɓa asusun banki ta lambobin da ake dannawa. Ka yi hattara wajen sawa: kuskure uku yana rufe layin sai da PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓalle SIM ɗin daga ciki, kuskure goma a PUK kuma yana kashe SIM ɗin. Allon waya kuma lamba shida ko fiye, a bar zanen yatsa na kwana-kwana, domin maiƙon hannu yana barin sawunsa a gilashi.

Karatu, da Asabar ta farkon wata

Duk abin nan ba a makaranta na koya ba. Bayan isha'i, idan gida ya yi shiru, nakan ba karatu minti arba'in. Littattafaina na kwamfuta suna cikin Calibre, manhajar da Kovid Goyal ya fara a 2006, na kasa su kashi uku: tarihi, lissafi, da littattafan jagora na manhajoji. Kashi na ukun ne mutane ke gudu, alhali a nan gaskiya take. Littafin jagorar VeraCrypt yana da babi guda a kan abubuwan da manhajar ba za ta iya kare ka daga gare su ba, kuma na fi ƙaruwa da wannan babin a kan duk bidiyoyin da na kalla. Idan za ka fara karatun fannin, fara da tarihinsa, kana yi da biro a hannu, kana warware misalan da kanka. Ni da 'yata muna rubuta wa juna saƙon Kaisar a bayan takardar sayayya, kuma ranar da ta ƙirga haruffa ta gano a ba tare da na nuna mata ba, ta zo da gudu har tana tuntuɓe.

Akwai labarin da ya haɗa mini littafi da kwaɗo wuri ɗaya. Phil Zimmermann ya saki PGP a 1991, manhajar da ta kawo wa talaka irin kullen da a da sai gwamnatoci. Hukumomin Amurka suka buɗe masa bincike, domin a dokarsu ta lokacin fitar da irin wannan manhaja waje kamar fitar da makami ne. A 1995 maɗaba'ar jami'ar MIT ta Amurka ta buga dukkan rubutun manhajar a matsayin littafi, tunda littafi yana da kariyar 'yancin faɗar albarkacin baki. A 1996 aka rufe binciken ba tare da an tuhume shi ba. GnuPG da nake amfani da ita yau, wadda Werner Koch na Jamus ya fara a 1997, a kan sawun wannan aiki take.

Saura kwafin ajiya. Fayil ɗin kdbx da akwatin VeraCrypt kowanne yana wuri uku: kwamfuta, filashi a gida, da wani filashin a gidan yayata. Tunda a kulle suke, ko a Google Drive ka ajiye kwafi babu laifi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace Asabar ta farkon wata, bayan na karya kumallo, nakan ɗauko filashin, in ɗauko ambulan, in buɗe rumbun ina karanta jimlar daga takarda harafi-harafi, ba daga kai ba, don in tabbatar abin da na rubuta shi ne abin da ke buɗewa. In buɗe akwatin, in duba takarda ɗaya ko biyu, in kwafa sababbin, in rufe. Filashi yana mutuwa ba ciwo ba zazzaɓi, shi ya sa duk wanda ya fara jinkiri ko gardama nake sauya shi a ranar.

Fayil ɗin Baba yana cikin abin da nake kwafa kowane wata. Ina da ɗan littafi da nake rubuta duk kalmar da na gwada a kansa don kada in maimaita, yanzu ya kai shafi na goma sha ɗaya. Watan jiya ina wucewa ta kasuwar 'yan goro na ji wani dattijo ya ambaci sunan wani zango da Baba ya faɗa a daren, na tsaya na rubuta shi a tafin hannu. Na gwada shi ta siga tara, bai buɗe ba. Akwai sauran sigogi huɗu da na tanada wa Asabar mai zuwa.